Dokar Sufuri ta Jiha da Hukumomin da Take Kafawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin direbobin haya, masu motocin kansu, 'yan Adaidaita Sahu da shugabannin tasha, musamman a duk lokacin da gwamnatin wata jiha ta fito da sabon tsari ko ta ƙara kuɗin wata takarda. An ɗauko yawancin misalan daga Legas da Kano, domin Legas ce ta fi kowace jiha a Najeriya nisa wajen tsara sufurinta da doka, Kano kuwa ita ce wadda akasarin masu karatu suka san titunanta da jami'anta.

Mene ne ake nufi da dokar sufuri ta jiha?

Ita ce dokar da Majalisar Dokokin Jiha ta yi, gwamna ya sa mata hannu, wadda ta fayyace yadda za a yi zirga-zirgar mutane da kaya a cikin jihar, da hukumomin da za su kula da hakan, da iyakar ikon kowace daga cikinsu. A wasu jihohi dokoki ne daban-daban da aka yi a lokuta daban-daban: wannan ta kafa hukumar kula da cunkoso, waccan ta kafa kamfanin motocin gwamnati, wata kuma tsohuwar dokar hanya ce da aka gada tun zamanin Jihar Arewa ana yi mata kwaskwarima. A Legas kuwa, a shekarar 2018, zamanin Gwamna Akinwumi Ambode, an tattara yawancin waɗannan dokoki wuri guda a cikin dokar gyaran fannin sufuri, wadda ta maye gurbin dokar hanya ta 2012.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, hukumar gwamnati ba ta da wani iko na ƙashin kanta. Kakin da jami'i ya sa, da motar sintiri, da sandar da ke hannunsa, babu ɗaya da ke ba shi ikon tsayar da kowa. Sashen doka ne yake ba shi, kuma inda sashen ya tsaya nan ikonsa ya tsaya.

Wa ya bai wa jiha ikon yin doka a kan sufuri, alhali akwai gwamnatin tarayya?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne ya raba aikin. A jadawalinsa na biyu akwai jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kuma a cikinsu akwai sufurin jiragen sama da filayensu, da sufurin teku da Kogin Kwara da rassansa, da gini da gyaran hanyoyin da aka ayyana a matsayin manyan hanyoyin tarayya, da kuma zirga-zirga a kan waɗannan hanyoyi. Akwai jeri na biyu na abubuwan haɗaka, waɗanda tarayya da jihohi duk za su iya yin doka a kansu. Abin da bai shiga ko ɗaya daga cikin jerin biyun ba, sashe na 4 ya bar wa jihohi shi, kuma a nan ne zirga-zirga a kan titunan jiha, da tsara motocin haya na cikin gari, da rajistar ababen hawa suka faɗo.

Wannan rabo yana da sauƙi a takarda, amma a ƙasa yana da sarƙaƙiya, saboda hanya ba ta canza launi idan ta tashi daga ta tarayya ta koma ta jiha. Hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Zariya ta tarayya ce, amma da ta shigo Kano sai ta zama titin cikin gari mai kasuwanni da tashoshi a gefensa, kuma cunkoson da ke kanta gwamnatin jiha ake zargi da shi. Yawancin rigingimun da za a gani a amsoshin da ke ƙasa daga wannan wuri suka samo asali. Idan kuma dokar jiha ta ci karo da dokar tarayya da aka yi bisa ƙa'ida, sashe na 4 ya ce ta tarayya ce a sama, kuma ta jihar ta faɗi gwargwadon inda suka saɓa.

To, ƙaramar hukuma fa, tana da ta cewa?

Tana da ita, kuma a rubuce take a jadawali na huɗu. An ba ta kafa tashoshin mota da kula da su, da bayar da lasisin kekuna, kwale-kwale, baro da amalanke, da gini da gyaran titunan da majalisar jiha ta ƙayyade mata. Sai dai a aikace jihohi da dama sun karɓe manyan tashoshi, wani lokaci ta hanyar yarjejeniya da ƙananan hukumomin, wani lokaci kuma ta hanyar doka kawai, kuma ba kasafai ake samun shugaban ƙaramar hukuma da zai kai gwamnansa kotu a kan haka ba. Amsar da ta shafi tasha da ƙungiyoyin direbobi ta ƙara bayani.

Ta waɗanne matakai ake kafa hukumar sufuri?

Galibi ma'aikatar sufuri ce take fara tsara abin da ake buƙata, ma'aikatar shari'a ta zuba shi a cikin harshen doka, majalisar zartarwa ta amince, sannan gwamna ya aika da ƙudirin ga Majalisar Dokoki. Ɗan majalisa ma yana iya kawo ƙudiri da kansa. A majalisa za a yi masa karatu na ɗaya, wanda gabatarwa ce kawai. A karatu na biyu ne ake muhawara kan manufarsa, daga nan a miƙa shi ga kwamitin sufuri. Kwamitin yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma wannan zama shi ne babbar damar da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa suke da ita ta gyara abin da zai cuce su, sai dai sau da yawa ba a jin muryarsu sai bayan doka ta fara aiki, lokacin da gyara ya zama mai wuya.

Bayan karatu na uku ana kai wa gwamna. Sashe na 100 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa za ta iya sake amincewa da ƙudirin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Daga nan ake buga dokar a gazet, wato jaridar gwamnati, kuma ranar fara aikinta ita ce wadda dokar da kanta ta ambata.

Gwamna zai iya kafa hukuma da umarninsa kawai, ba tare da majalisa ba?

Zai iya kafa kwamiti ko wani sashe a ƙarƙashin ma'aikata domin gudanar da aikin da doka ta riga ta ba gwamnati. An ga haka a Legas: hukumar LASTMA mai kula da zirga-zirga a titunan jihar ta fara aiki a shekarar 2000, zamanin Gwamna Bola Tinubu, dokar da ta tsayar da ita da ƙafafunta kuwa ta zo a 2004. Abin da gwamna ba zai iya yi da umarni ba shi ne ƙirƙiro laifi ko yanka hukunci. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai laifin yana rubuce a cikin doka, hukuncinsa ma yana rubuce. Saboda haka sanarwar rediyo ko jawabin kwamishina ba ya isa a ci tarar kowa, sai dai idan yana dogara ne da wani sashe na dokar da ta riga ta wanzu.

Me ake samu a cikin dokar da ta kafa irin wannan hukuma?

Kusan duk suna bin tsari ɗaya. Sashen farko yakan ce an kafa hukuma mai suna kaza, mai hatiminta, wadda za ta iya mallakar dukiya, ta kai ƙara, a kuma kai ta ƙara da sunanta. Sai a zo kan majalisar gudanarwa: mutum nawa ne, wa ke naɗa su, shekara nawa za su yi, da dalilan da za su sa a cire su. Sai shugaban da ke gudanar da aikin yau da kullum, wanda a Kano ake kira Manajan Darakta, a wasu wurare kuma Babban Manaja. Bayan haka ne ake jera ayyukan hukumar, sannan ikonta, sannan hanyoyin samun kuɗinta, sannan laifuffuka da hukuncinsu, waɗanda galibi ake zubawa a jadawali a ƙarshen dokar.

Wurin da mai karatu ya kamata ya tsaya da kyau shi ne bambanci tsakanin ayyuka da iko. Doka za ta iya cewa aikin hukuma ne ta tabbatar da zirga-zirga ba tare da cunkoso ba, amma wannan jimla ba ta ba ta damar ƙwace mota ko kulle shago ba. Sai an sami wani sashe da ya faɗi hakan a fili. Lauyoyi da yawa sun yi nasara a kan hukumomi ne ta wannan ƙofa. Haka kuma sashen fassarar kalmomi, wanda mutane ke tsallakewa, yakan yanke hukunci a kan abubuwa masu nauyi, kamar ko babur mai ƙafa uku yana cikin abin da dokar ta kira babur.

Me ya bambanta ma'aikatar sufuri da hukuma, kuma me ya sa Legas take da hukumomi da yawa haka?

Ma'aikata, ƙarƙashin kwamishina, ita ce mai tsara manufa da kai ta gaban majalisar zartarwa. Hukuma ita ce mai aiwatarwa. Ana ware hukuma ne domin ta ɗauki ƙwararru, ta riƙe asusunta, ta ƙulla kwangila ba tare da kowace takarda ta zagaya ofisoshin sakatariya ba.

Legas ta rarraba aikin ne bisa nau'insa. LASTMA tana kula da zirga-zirga a kan titi. LAMATA, wadda aka kafa da doka a 2002 tare da tallafin Bankin Duniya, ita ce mai tsara sufurin jama'a na dogon zango, kuma ita ta fito da motocin BRT masu layinsu na musamman, waɗanda suka fara aiki a watan Maris na 2008 tsakanin Mile 12 da CMS. LASWA, ta 2008, tana kula da jiragen ruwa na fasinja. Akwai kuma hukumar rajistar ababen hawa, da sashen duba lafiyar mota, da cibiyar horar da direbobi. Hikimar da ke cikin wannan ita ce raba mai tsara ƙa'ida da mai gudanar da haya, domin hukumar da ke da motocinta a kan hanya ba za ta yi wa abokan gasarta adalci ba. Illarsa kuma ita ce yawan jami'ai a mahaɗa guda, kowa da littafin tararsa, kuma wannan yana cikin abin da dokar 2018 ta yi ƙoƙarin daidaitawa. A Kano, KAROTA da aka kafa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta haɗa aikin kula da titi da wani ɓangare na rajistar masu haya, musamman 'yan Adaidaita Sahu, shi ya sa sunanta yake fitowa a kusan kowace taƙaddama.

Mene ne bambanci tsakanin doka da ƙa'idojin da hukuma ko kwamishina ke fitarwa?

Majalisa ba za ta iya zama duk lokacin da ake son canza hanyar da tirela za ta bi ko lokacin da za ta shigo gari ba. Don haka dokar kan ƙunshi sashe da ke bai wa kwamishina ko hukuma damar yin ƙa'idoji. Waɗannan ƙa'idoji suna da ƙarfin doka matuƙar ba su wuce gona da iri ba: dole su tsaya cikin abin da uwar dokar ta yarda, dole wanda dokar ta ambata ne ya yi su, kuma dole a bi hanyar da ta shimfiɗa, kamar neman amincewar gwamna ko bugawa a gazet. Ƙa'idojin da Legas ta fitar a 2020 ga kamfanonin hayar mota ta manhajar waya, irin su Uber da Bolt, misali ne na wannan. Bayan tattaunawa da kamfanonin an tsaya a kan naira 20 ga gwamnati a kan kowace tafiya.

A kan titi ɗaya ana ganin 'yan sanda, jami'an FRSC, VIO da 'yan KAROTA. Wane ne ke da ikon me?

Ɗan sanda yana da iko a ko'ina cikin ƙasa, a kan dokar tarayya da ta jiha, domin sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga Najeriya. Wannan sashe ne kuma dalilin da ya sa hukumomin jiha ba su zama 'yan sanda ba, ba sa ɗaukar bindiga, kuma sukan nemi a haɗa su da 'yan sanda idan za su yi samame. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. VIO a jihohi sashe ne na gwamnatin jiha, aikinsa duba lafiyar mota da gwada direba. KAROTA, LASTMA da KASTLEA ta Kaduna kuwa 'ya'yan dokokin jihohinsu ne, kuma ikonsu yana ƙarewa a kan iyakar jihar.

Inda ake ja-in-ja shi ne ko FRSC tana da hurumi a titunan jiha. Dokar 2007 ta yi magana a kan dukkan hanyoyin jama'a, amma Kundin Tsarin Mulki ya bai wa tarayya zirga-zirga a kan manyan hanyoyinta ne kawai, kamar yadda aka bayyana a amsar rabon iko. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa hurumin hukumar ya tsaya a hanyoyin tarayya. A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa, da wannan ma'auni, jami'an jiha su ma ba su da abin yi a kan hanyar tarayya. Direba dai bai kamata ya mai da gefen titi kotu ba. Hujja irin wannan a gaban alƙali take da amfani.

Jami'in hanya yana da ikon yanke mini tara nan take, ko sai kotu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi. Sashe na 6 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora ikon shari'a a kan kotuna, sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin a saurare shi. Bisa wannan, takardar da jami'i ya rubuta tuhuma ce, ba hukunci ba. Dokoki da dama suna tsara abin ne ta yadda wanda ya yarda da laifinsa zai biya kuɗin da jadawali ya ƙayyade ya huta, wanda bai yarda ba kuma a kai shi gaban majistare. Domin sauƙaƙa hakan ne ake kafa kotun tafi-da-gidanka, wadda cikakkiyar kotu ce duk da cewa a ƙarƙashin rumfa take zama: majistare ne ke jagorantarta, ana karanta tuhuma, mutum yana da damar musantawa, ya kawo lauya, ya kuma ɗaukaka ƙara.

Kotuna sun sha taka wa hukumomi burki a kan wannan. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya tsayar da motoci, ƙwace su da cin tara, bisa dalilin cewa babu dokar da ta ba su wannan iko. Hukuncin ya shafi Abuja ne. A jihar da majalisarta ta rubuta wa VIO iko a fili, lissafin daban ne. Abu ɗaya da ba ya canzawa a ko'ina shi ne, tara ta gaskiya tana da lambar biya da rasit na gwamnati, kuma adadinta yana cikin jadawalin doka. Kuɗin da aka yi ciniki a kansa ta tagar mota yana da wani suna daban.

Ana iya ƙwace mota gaba ɗaya a yi gwanjonta?

Tsare mota na ɗan lokaci daban ne da ƙwace ta. Dokoki da yawa sun yarda a janye motar da ta tare hanya ko a tsare wadda ake tuhumar direbanta, har a biya ko a je kotu. Ƙwacewa ta dindindin kuwa tana taɓa haƙƙin mallaka da sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya kare, don haka sai da umarnin kotu. Dokar Legas ta 2018 ta tanadi ƙwace mota ga wanda ya bi hannun da ba nasa ba, kuma a watan Satumba na 2022 jihar ta yi gwanjon motoci 134 da kotu ta mallaka wa gwamnati. Hotunan masu motocin suna kuka a wurin gwanjon sun tayar da muhawara a kan ko hukuncin ya yi daidai da girman laifin, musamman ga wanda motar ce kaɗai hanyar abincinsa, ko wanda ya ba da motarsa haya direba ya yi laifin. Wannan muhawara majalisa ce kaɗai za ta iya warware ta, domin alƙali abin da aka rubuta yake bi.

Da wane iko jiha take hana acaɓa ko taƙaita Adaidaita Sahu?

Da ikonta na tsara zirga-zirga a titunanta da kiyaye lafiyar jama'a. Masu ƙalubalantar hanin sukan kafa hujja da 'yancin walwala na sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki, amma amsar gwamnati ita ce ba mutum aka hana tafiya ba, nau'in abin hawa aka taƙaita, kuma sashe na 45 ya yarda a rage wasu 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya. Dokar Legas ta 2012, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta hana babura bin hanyoyi 475, kuma hanin da aka tsananta a 2020 da 2022 ya dogara ne da dokar 2018. Dubban 'yan Arewa da ke sana'ar a can suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A Kano an hana acaɓa a watan Janairu na 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, kuma wannan hani ne ya buɗe wa babur mai ƙafa uku fili har ya mamaye gari. Sunan Adaidaita Sahu kansa ya fito ne daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da aka kawo baburan domin ɗaukar mata. Darasin da masu tsara doka ke ɗauka daga nan shi ne, hana wani abin hawa ba ya kashe buƙatar tafiya, wani abin hawan ne zai cike gurbin, kuma shi ma sai an yi masa doka.

Lasisin tuƙi, lambar mota da inshora, na tarayya ne ko na jiha?

Lasisi da lamba aikin haɗin gwiwa ne. A tsarin da ake bi, VIO ce ke gwada direba, hukumar tattara haraji ta jiha ce ke karɓar kuɗi, FRSC kuma ita ke riƙe da rumbun bayanai da buga katin, shi ya sa lasisin da aka karɓa a Katsina yake aiki a Fatakwal. Inshora kuwa ta tarayya ce zalla: dokar inshorar ɓangare na uku, wato inshorar da ke biyan diyya ga wanda motarka ta yi wa ɓarna, ta samo asali tun 1945, kuma daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, tare da ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Takardar izinin yin haya a cikin gari, da fenti, da lambar gefe, waɗannan na jiha ne.

Ina kuɗin tara da na rajista suke tafiya, kuma wa ke bin diddiginsu?

Ƙa'idar sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulki ita ce duk kuɗin shigar jiha ya shiga babban asusunta, kuma ba a fitar da ko kwabo sai da amincewar majalisa ta hanyar kasafin kuɗi, sai dai idan wata doka ta kafa wani asusu na musamman. Wasu dokokin suna barin hukuma ta riƙe wani kaso domin gudanar da aikinta. Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yana da hurumi a kan asusun gwamnati a ƙarƙashin sashe na 125, majalisa kuma tana da ikon kiran shugaban kowace hukuma ta bincike shi a ƙarƙashin sashe na 128.

A nan ne babban haɗari yake. Da zarar an fara auna hukumar kula da hanya da yawan kuɗin da ta tara, ba da raguwar haɗurra ko cunkoso ba, jami'inta zai fi son ya ɓoye ya kama mai laifi a kan ya tsaya a fili ya hana laifin. Yajin aikin da 'yan Adaidaita Sahu suka yi a Kano a watan Fabrairu na 2021 a kan harajin naira 100 a kullum, da wanda suka sake yi a Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta rajista, sun tsayar da garin cik, kuma duka biyun a kan kuɗi aka yi su, ba a kan ƙa'idar tuƙi ba.

Ƙungiyoyin direbobi hukuma ne? Me ya sa suke karɓar kuɗi a tasha?

Ba hukuma ba ne. NURTW, ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa wadda aka kafa a 1978, ƙungiyar ƙwadago ce, kuma harkar ƙungiyoyin ƙwadago tana cikin jerin abubuwan tarayya, don haka jiha ba ta da ikon soke rajistarta. Kuɗin da take karɓa daga mambobinta kuɗin ƙungiya ne. Idan kuma 'yan kamasho suna yanka tikitin gwamnati, suna yi ne a matsayin wakilai bisa yarjejeniya. Abin da jiha za ta iya yi shi ne ta dakatar da ayyukan ƙungiya a tashoshi saboda tsaro, ta naɗa masu kula, kamar yadda Oyo ta yi a 2019, Legas kuma a 2022. Irin wannan mataki yakan ƙare a kotun ma'aikata, kuma yana sake tayar da tambayar da aka taɓo a baya, wato ko tashar ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma.

Jiha za ta iya gina layin dogo ko ta tsara sufurin ruwa?

Jirgin ƙasa ya daɗe a hannun tarayya kaɗai, ƙarƙashin dokar hukumar jiragen ƙasa ta 1955, har zuwa watan Maris na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran Kundin Tsarin Mulki da ya mayar da shi jerin haɗaka. Yanzu jiha za ta iya yin doka ta gina layi a cikin iyakarta. Legas ta fara aikinta tun kafin gyaran, da fahimtar juna tsakaninta da tarayya. Layinta mai suna Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 tsakanin Marina da Mile 2, Red Line kuma aka ƙaddamar da shi a Fabrairun 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, a kan zirin hanyar jirgin tarayya.

Ruwa bai zo da sauƙi haka ba. Hukumar NIWA ta tarayya, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa kuma mai hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana shari'a da Legas a kan wanda zai ba da lasisi ya karɓi kuɗi daga masu jiragen ruwa da masu haƙar yashi, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tsaya a gefen tarayya. Wannan ya shafi jihohin Neja, Kebbi da Kogi kai tsaye, inda kifewar kwale-kwale ke cin rayuka kusan kowace damina, domin dokar da za ta tilasta rigar ruwa da hana lodi fiye da kima tana buƙatar a san wanda zai tsaya a bakin gaɓa ya aiwatar da ita.

Idan na shiga wata jiha da motata, dokarta tana hawa kaina?

Tana hawa, tun daga lokacin da tayarka ta taka iyakarta. Direban tirela da ya ɗauko shanu daga Wudil zuwa Legas yana ƙarƙashin dokar Legas a kan lokacin shiga gari da hanyoyin da aka keɓe, kuma rashin sanin dokar ba ya zama kariya. Lasisinsa, lambarsa da inshorarsa kuwa suna aiki a ko'ina, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafe su.

Idan jami'i ya zalunce ni, ina zan kai kuka?

Matakin farko shi ne a cikin hukumar kanta, a rubuce, tare da sunan jami'in ko lambarsa, wuri, lokaci, da kwafin duk takardar da aka bayar. Bayan haka akwai kwamitin karɓar ƙorafi na Majalisar Dokokin Jiha, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda take da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗi. Idan abin ya kai ga duka, tsarewa ba bisa ƙa'ida ba ko riƙe mota ba tare da hujja ba, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye domin kare haƙƙi.

Wanda zai kai ƙarar neman diyya ya kula da abu biyu da suke kayar da shari'o'i tun kafin a saurari gundarinsu. Na ɗaya, dokokin kafa hukumomi da dama sun wajabta a ba hukumar sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a shigar da ƙara. Na biyu, dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita lokacin shigar da irin wannan ƙara zuwa wata 3 daga ranar da abin ya faru, don haka watannin da mutum zai ɓata yana zarya tsakanin ofisoshi yana jiran a ba shi haƙuri suna cikin lissafi.